Waya ta Uku da Albasar Baba

Ni dai har gobe ina cewa zaluntata anka yi. Ina zaune a tashar Bagudo bisa bencin mai shayi, ina cikin wulaƙanta wani kwandasta a wasan dara, saura ƙiris in kwashe shi gaban jama'a, sai na ji an kama kunnena ta baya an murɗa. Ban ko waiwaya ba na san hannun. Duk garin nan mutum ɗaya ke da yatsu masu ƙamshin man ƙosai da ƙarfin filaya, Goggo ce, yayar Babana.

"Tashi, ɗan tasha."

"Goggo, mi na yi kuma?"

"Ba ka yi komi ba, laihinka ke nan. An ce kana iya karanta lamba."

"Lambar mota?"

"Tashi, ko in tashe ka da ludayi."

Haka ta ja ni muka ratsa tasha, kwandastan yana dariya yana rantsuwa da ma shi zai ci.

A shekarar da anka yanke muna jihar Kabi daga Sakkwato ne. Duk wanda ya mallaki takarda ya tafi Birnin Kabi neman aikin ofis, ni kuwa takardata ta tsaya aji uku na sakandare. A kan barin makarantar nan munka ɓata da Baba. Wata biyar ke nan ban taka cikin gida ba, ina kwana shagon wani abokina mai faci, ina ɗan tsallaka iyaka in dawo, abincina kuwa Goggo ke aiko min a ɓoye.

A hanya ta zayyana min abin da ya faru. Injin ban ruwan Baba ya karye, kwana uku ke nan. Ƙarfen cikinsa mai juya farfelar da ke tura ruwa, wanda ake ce wa shaf, shi ya tsinke gida biyu. Injin daga ƙetaren iyaka anka sayo shi, an nemi irin ƙarfen kasuwar Lolo babu, an aika Dole Kaina babu. Albasar Baba kuwa tana fadama wajen Bahindi, ta fara ɗaura kai, daidai lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Geron damina bai yi ba a shekarar. Albasar nan ita ce tuwon gidanmu har wata damina.

"To Goggo, ni shaf ne?"

"Oga zai sassaƙa sabo. Injinsa ya haukace, shi kuma ba ya gani. Kai za ka zama idonsa."

Oga mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe Sakkwato yana aikin ƙarfe har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, in ban da ba ya bambanta mace da namiji a magana. Da ya ji an yi sabuwar jiha sai ya tattara abin da ya tara a duniya ya sayo tsofaffin injuna biyu daga Kwatano, na huda ƙarfe da na sassaƙar ƙarfe, ya kama shagon da ke jikin katangar gidanmu. Sai da anka sauke su ya tarar suna cin wuta mai waya uku, layin unguwarmu kuwa waya biyu gare shi. Da wani ne, da ya zauna ya yi kuka. Shi sai ya samo wani ƙaton moto na lantarki, ya ba shi wayoyin nan biyu. In an naɗa igiya a bakinsa an fizga kamar injin jirgin ruwa, sai ya kama juyi, cikin juyin nan ne yake haifar da wuta a waya ta uku. Ba ya jan komi, ba ya tura komi, juyi kawai. Ni da jin haka na raɗa masa suna Hakimi.

Shagon ƙarami ne, kuma garin ƙarfe na shiga cikin moto ya kashe shi. Don haka Baba ya yarda anka aje Hakimi cikin gida, bayan katanga, ƙarƙashin rumfa, anka huda bango anka ratso da wayoyi uku, ja da rawaya da shuɗiya. Ranar da anka girka shi kaɗai Oga ya shiga gidanmu, shi ma sai da mata sunka shige ɗaka. Daga ranar bai ƙara ba, ba a ma yi maganar ba, kowa ya san namiji baƙo ba ya shiga. Baba ke jan igiya kullum, in Oga ya buga katanga sau biyu.

Na tarar da Oga zaune bisa gwangwani ya dafe kai. Injin huda ƙarfe yana gefe an rufe shi da buhu kamar gawa, motonsa ya ƙone mako guda da ya wuce. Almajirinsa mai duba masa mita ya tafi gida Kirsimeti. Shi kuwa walda ta cinye masa ido tun da daɗewa, ƙarfe yana jin sa da yatsa, amma allurar mita sai dai ya ga inuwa.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ɗan boko?"

"Rabin boko, Oga. Sauran rabin yana wajen hedimasta."

"Rabi ya isa. Ka iya ƙirga har ɗari uku?"

"In kuɗi ne har dubu."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo min wata tsohuwar mita mai allura da tsinkuna biyu, ya ce in auna wayoyin biyu-biyu. Ja da rawaya, su ne wutar gari. Sai ja da shuɗiya, sai rawaya da shuɗiya. Shuɗiyar ita ce 'yar Hakimi. Lambobin ukun nan dole su tsaya kusa da juna, kada tazararsu ta wuce goma. In shuɗiya ta faɗi ƙasa, moto zai yi nishi ya yi zafi ya ƙone. In ta haura sama, shi ma ƙonewar ce.

"Wata biyu yana aiki lafiya," in ji shi. "Ni na daidaita shi da hannuna. Yanzu kamar mai aljanu. Moton injin sassaƙar nan kaɗai ya rage min, yaro. In ya tafi, na tafi."

Ya buga katanga sau biyu. Can bayan bango na ji Baba ya ce bisimilla, na ji fizgar igiya, Hakimi ya ɗauka. Rabona da muryar Baba wata biyar. Na yi kamar ban ji ba.

Ja da rawaya, ɗari biyu da ashirin da biyu. Ja da shuɗiya, ɗari biyu da ashirin da biyar. Rawaya da shuɗiya, ɗari biyu da goma sha takwas.

"Oga, injinka lafiyarsa lau. Ni zan koma dara."

"Tsaya."

Ban gama shan ruwa ba allurar ta fara zamewa kamar mai jin barci. Ɗari biyu. Ɗari da casa'in. Ɗari da tamanin da biyar. Na koma kan ja da rawaya, suna nan daram inda suke. Wutar gari ba ta motsa ba, shuɗiya kaɗai ta faɗi.

Maganin wannan, in ji Oga, kondensa ne, irin 'yan gwangwanayen nan da ke cikin fanka, sai dai manya. In an ƙara ɗaya tsakanin shuɗiya da 'yar'uwarta, wutar ta hau. In an rage, ta sauka. Yana da su cikin kwali, wasu daga fanka, wasu daga fitilar titi, kowanne da lambarsa a jiki, ni ke karanta masa. Ya gargaɗe ni cewa suna riƙe wuta a ciki ko an kashe layi. Na ce na ji. Na farko da na ɗauka da hannu ya watsa ni jikin ƙofa, na kira sunan uwata da ta kakata a numfashi ɗaya.

"Yanzu ka ji," in ji Oga.

Munka ƙara ɗaya, ɗari da casa'in da takwas. Munka ƙara wani, ɗari biyu da goma sha huɗu. Oga ya ce ya yi. Ya ɗauko guntun ƙarfen gindin wata tsohuwar mota, guda biyu gare shi masu kaurin da ake so, ya ɗaura ɗaya ya kunna inji. Ƙarfe ya fara zubo da gashinsa, mai murɗe-murɗe, yana sheƙi. Na ce a raina yau zan ci tuwo da hujja.

Ya yi rabi ke nan na ji kukan injin ya sake, ya yi tsini. Na dubi mita. Allura ta wuce ɗari biyu da sittin tana neman saba'in.

"Oga! Ta tashi!"

"Nawa?"

"Kashe kawai!"

Kafin hannunsa ya kai, kondensa ɗaya ya fashe, tau, mai ya fantsama bango. Oga ya razana, hannunsa ya tura wuƙar injin ta nutse cikin ƙarfen ta yi masa rami. Shaf na farko ya tashi daga aiki. Ya ɗora tafinsa bisa moton ya janye da sauri, sannan ya sunkuya ya shinshina shi kamar uwa da jariri. Ni ma na ji warin, kamar an gasa roba.

Ranar ba wanda ya ƙara yin wasa. Maƙeran kwano da ke shagon gaba sunka ci gaba da dukan gwangwani kamar kullum, ba ka ko jin tunaninka, mu kuwa muna zaune muna kallon allura tana hawa tana sauka ba dalili har anka yi magariba.

Washegari ranar kasuwar Lolo ce. Kondensan Oga sun kusa ƙarewa, ya rubuta min lambobi a bayan kwalin sigari, rubutunsa manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Na bi wata a-kori-kura. A bayan 'yan kifi akwai wani mai gyaran rediyo da ke zuwa daga ƙetare, ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Dandancina, yaren nasu, na cin abinci ne da zagi. Munka haɗa da Faransancin tasha da nuni da yatsa, na samo guda huɗu. Ya tambaye ni ko gidan sinima zan buɗe. Na ce a'a, albasa zan shayar. Ya dube ni da tausayi.

A dawowa na sauka mararraba na taka zuwa fadama. Ban san abin da ya kai ni ba. Daga nesa na hango Baba, ba riga, da gwangwanaye biyu a sanda bisa kafaɗa, yana ɗebo ruwa daga tafki yana hawowa. Mutum mai shekara kusan sittin. Sai ya zuba wa fangali ɗaya, kafin ya juyo ƙasa ta shanye kamar ba a yi ba. Fangalan sun fi ɗari. Maƙwabcinsa ya ara masa inji na rabin yini shekaranjiya, amma kowa tasa albasar na jiran ruwa, ba ka roƙon mutum sau biyu a irin wannan lokaci. Ganyen da ke can nesa da tafki ya riga ya kwanta, bakinsa ya yi fari.

Na ɓoye bayan wata giginya kamar ɓarawo. Na ga ya aje gwangwanayen ya dafa ƙugu, ya daɗe a haka yana kallon gonar. Na so in fita in karɓi sandar. Ƙafata ta ƙi. Na san abin da zai ce, na kuma san abin da bakina zai mayar, bakin nan nawa ba ya da birki. Na juya na bi hanya, ina tafe ina zagin kaina da Dandanci don ya fi zafi.

Da na iso shago bayan azahar Oga ya buga katanga. Baba yana fadama, sai Goggo ta sa wani jikan maƙwabta mai ƙarfi ya ja igiyar. Lambobi sunka fito tsaf ba tare da ƙarin komi ba. Munka jira. Tsaf. Oga ya miƙa hannu zai ɗaura ƙarfe na biyu, ya fasa, ya ƙara miƙawa, ya fasa.

"In na sa shi, ya yi abin jiya fa?"

"In ba ka sa ba fa, Oga? Na ga gonar. Kwana biyu ta rage, in ta kai."

Muna cikin haka, bayan la'asar, allura ta sulale ɗari da tamanin da bakwai. Oga ya cire hularsa ya jefar. Ya ce wata ƙila waya ce ta saki cikin Hakimi, wata ƙila ciki ya fara ƙonewa. Na ce to mu duba shi mana. Ya ce maigida ba ya nan, ba zai aika a kori mata daga tsakar gidansu ba, kuma jiya ya tambayi Baba ta kan katanga, Baba ya ce injin yana juyi lafiya, har mai ya ɗiga masa. Ya ce ni in shiga. Na ce ni da gidan nan sai an yi zama. Ya ce mu biyu duka marasa amfani ne.

Abu ɗaya na yi mai kama da hankali. Na ɗauki gawayi na fara rubuta lambar shuɗiya a bango duk bayan ɗan lokaci, da abin da rana ke ciki. Na jiya ma da na tuna na rubuta. Oga ya ce ina ɓata masa bango. Na ce bangon Babana ne.

Rana ta uku da hantsi Baba ya dawo daga fadama, ya ja igiya, ya tafi ta'aziyya bayan masallaci. Ni ina tsugune bakin ƙofar shago da mita a cinya, idona ya yi ja. Lamba tana ɗari biyu da ashirin. Wata yarinya ta wuce ni ɗauke da bokitin jiƙaƙƙen wake, ta shiga zaurenmu. Na bi ta da ido don ba ni da abin yi. Da na maido ido, allura tana sauka.

Na kafe mita da ido. Can yarinyar ta fito, bokitinta cike da ƙullu fari. Allura ta hau.

Wata tsohuwa ta shiga da kwanon tattasai da tumatir. Allura ta sauka.

Na dubi bangon da na ɓata da gawayi. Hantsi ƙasa, azahar daidai, bayan la'asar ƙasa. Lokacin ƙullun ƙosai da lokacin miyar dare. Na miƙe.

"Oga, kada ka taɓa komi."

"Ina za ka?"

"Gidanmu."

Na ratsa zaure ba ko sallama. Ga Hakimi ƙarƙashin rumfa yana juyi, ga wani dogon bel na roba ya taso daga bakinsa, inda ake naɗa igiya, ya tafi ya kama tsohon injin markaɗen gidanmu, wanda injin fetur ɗinsa ya mutu tun bara. An kafe shi da turaku huɗu, aiki mai kyau, aikin Baba. Mata biyar a layi da kwanoni. Goggo tana tsaye tana tura tattasai da muciya.

"Goggo! Wa ya ɗaura wannan?"

"Ubanka. Ka ga dabara ko? Abu na ta juyi a banza tun sahe har dare."

"Tun yaushe?"

"Kwana goma ke nan. In an kawo niƙa in tura bel da sanda, in an gama in ture shi."

Kwana goma. Moton Oga na huda ƙarfe ya ƙone kwana tara da sunka wuce.

Na jawo mita ta ramin bango, na ce Oga ya riƙe tsinkunan a kan waya daga can. Na ce Goggo ta zo ta duba. Ta ce ita ba ta san boko ba. Na ce ba boko ba ne, tsinke ne, ta dube shi kawai. Na ɗauki sanda na ture bel. Tsinke ya miƙe. Na mayar, ya kwanta. Na ture, ya miƙe. Sau uku. Goggo ta aje muciya a hankali.

"Wato mu ne?"

"Ku ne, Goggo."

"Innalillahi." Ta juya ga matan. "Ku kai gidan mai injin dizal. Yau ba niƙa."

Na ɗaga murya na gaya wa Oga ta kan katanga. Sannan na ji ya faɗi wata doguwar magana da yarensu, ban nemi fassara ba.

Munka cire duk kondensan da munka ƙara, munka mayar da shi yadda ya daidaita shi tun farko. Ɗari biyu da ashirin da biyu, da ashirin da shida, da goma sha tara. Ya kunna injin sassaƙa ba ƙarfe, shuɗiya ta ɗan sauka ɗari biyu da goma sha uku ta tsaya. Munka ƙara ɗan ƙarami ɗaya cikin na Lolo, ta dawo sha takwas. Oga ya yi alamar addu'arsu a ƙirji, ni na yi bisimilla, ya ɗaura ƙarfe na ƙarshe. Ya ce in koma ciki da mita in tsare Hakimi, in faɗo masa lamba ta kan bango.

Ina tsugune ina kiran lamba kamar ɗan kamasho, sha takwas, sha bakwai, sha takwas, sai ga Baba ya shigo. Ya gan ni. Ya ga bel a ƙasa. Ya ga mata biyu da sunka ƙi tafiya suna zaune da kwanoninsu.

"Wa ya cire wanga?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana."

"Da ban kwana ba ka gan ni? Wata biyar ba ka san hanyar gida ba, yau ka shigo ka kwance min aiki?"

Ya sunkuya ya ɗauki bel. Hannunsa duk ya faffashe, kafaɗarsa ta yi jini inda sanda ta ci. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da Hakimi.

"Baba, shi ke janye wutar. Shi ya ƙone wa Oga moto."

"Ƙarya kake! Ɗan markaɗen tattasai? Ƙaton inji kamar sa, ba ya jan komi, sai cin wuta da ƙara? Na ba shi aikin da yaro ka yi!"

Oga ya ɗago murya daga bayan bango, injinsa na kuka. "Maigida, don Allah! Yana aiki! Aikin ba a gani da ido!"

"Injiniya, ni manomi ne, ba jahili ba. Aikin da ba a gani ba aiki ba ne. Wayarka ce ta lalace, ka ɗora wa tattasai."

"Na yi rabi, Maigida! In ka sa bel yanzu, ƙarfe ya tafi, moto ya tafi! Ba ni da wani!"

"Baba, dubi allurar nan, don girman Allah. Bari Oga ya gama, in nuna maka sau goma."

"Kai za ka nuna min? Da wace takardar?"

Maganar ta zo min har baki, mai zafi, irin wadda in na sake ta sai wata biyar ta zama shekara biyar. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiye magana ba sai ranar, kuma ba ta da daɗi. Na ga idonsa. Ba wai bai gane ba ne. Ya fara ganewa, abin da ya sa yake ihu ke nan. In ya yarda, to shi ya ƙone wa baƙonsa moto, shi ya sa albasarsa ta kwana biyar ba ruwa, kuma a bakin ɗan tasha zai ji. Ga niƙan nan shi kaɗai ke shigo da ɗan abin cefane tun da injin ban ruwa ya tsaya.

"Kauce," ya ce. "Matan mutane na jira. A gidana ba a aje abin da ka ci ba ya aiki."

Ya ture ni da kafaɗa. Ya saƙala bel a injin markaɗe, ya ɗauki sanda, ya kai ɗaya bakin kusa da Hakimi, saura kamar taƙi ɗaya. Ta bayan bango ina jin wuƙa tana cin ƙarfe, sumul, ba gargada. Na riƙe mita da hannu biyu, na rasa ko in kama hannun ubana ko in yi wa Oga ihu ya kashe.

Shaf ɗin nan an gama shi kafin azahar. Ni na kai shi fadama a keken Baba, Baba yana bayana a zaune, ruwa ya hau kafin la'asar. Fangalan nesa da tafki sun riga sun tafi, wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran sunka tashi. Mutane na cewa ni na ceci albasar da karatuna, ni ma ina barin su su faɗa, musamman a tasha. Amma da ni kaɗai ne a tsakar gidan nan, da bel ya hau. Goggo ce, tana can tana ɗauraye muciya, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta kira shi da sunan da ba mai kiransa da shi sai ita, har sandar ta faɗi daga hannunsa.

"Kai, Auta. Shekara nawa kana kiran gayya gonarka? Ka taɓa miƙa wa makaɗi fartanya?"